Yadda Ake Ɗaukar Hoton Gajimaren Orion da Kyamarar Biki

Kyamarar da masu hoton biki da suna ke ratayawa a wuya ta isa ta ɗauko abin da haskensa ke yin shekara kusan 1,350 kafin ya iso mana. Abin nan shi ne gajimaren Orion, wani tarin iskar gas da ƙura da sababbin taurari ke samuwa a cikinsa. Masana sararin samaniya na kiransa M42, don shi ne na 42 a jerin da Bafaranshe Charles Messier ya fara wallafawa a 1774. Da shi ya kamata mai koyo ya fara, saboda yana da haske sosai, ba ya wuyar ganowa, kuma a nan wajenmu yana hawa sama ƙwarai: a Kano yakan kai digiri 72 daga ƙasa, inda iska ta fi tsabta.

Kafin maganar kaya, akwai abin da in ba ka gane shi ba za ka yi ta asarar kuɗi. Hotunan nan masu ja da shuɗi da ake gani a intanet ba danna shota ɗaya ba ne. Hasken da ke zuwa daga can ƙanƙani ne, kamar famfon da ke ɗiga. Sai an ajiye bokiti an jira. Don haka ake ɗaukar hotuna masu yawa na wuri ɗaya, a ɗora su kan juna a kwamfuta. Kowane hoto yana da yashi, wato ɗige-ɗigen nan da ke ɓata hoton dare, amma yashin yana canza wuri daga hoto zuwa hoto, shi kuwa gajimaren yana nan inda yake. In an haɗa, gajimaren ya ƙara fitowa, yashin ya kwanta. Lissafinsa: hoto 4 ya ninka kyan hoto ɗaya sau 2, hoto 100 sau 10. Kana son ninka kyan aikin awa ɗaya, sai ka yi awa huɗu. Jimillar lokacin da ka tara ita ke yin hoton, ta fi tsadar kyamara tasiri nesa ba kusa ba.

Kayan aiki

Kyamara: duk wadda ake cire mata lensi, tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen hoton da ba a matse ba, kuma tana da saitin M, inda kai ke saita komai da hannu, ta yi. Tsofaffi irin Canon 600D ko Nikon D5300 da ake samu na hannu sun wadatar, kuma allonsu yana juyawa, abin da za ka gode masa idan kyamara ta kalli tsakiyar sama ba sai ka kwanta a ƙasa ba.

Lensi: wanda ya zo da kyamarar, 18-55mm, zai nuna Orion gaba ɗayansa amma gajimaren zai fito ɗan mitsitsi. 50mm f/1.8 yana da araha kuma yana shan haske da yawa. In da hali, 135mm f/2 na Samyang, wanda wasu wurare ake sayar da shi da sunan Rokinon, shi ne wanda masu wannan harka suka fi yabawa. Zum mai kaiwa 200mm ko 300mm ma yana aiki, sai dai yana buƙatar ƙarin lokaci.

Sai sitan mai ƙafa uku mai nauyi, wanda iska ba ta kaɗa shi. Rimot mai ƙidayar lokaci da zai riƙa danna shota da kansa. Batir biyu ko uku, ko batirin bogi da ake jonawa da fawa banki. Memori mai aƙalla 64GB. Da tocila da aka rufe bakinta da jar leda. Jan haske ba ya kashe ido, shi kuwa ido sai ya yi minti 20 zuwa 30 a duhu kafin ya saba, kallon waya sau ɗaya kuma ya mayar da kai baya.

Yanzu ga inda mutane ke kuskuren kashe kuɗi. Da zarar sha'awa ta kama mutum sai ya ce madubin hangen nesa zai saya. A ganina kada ka fara da shi. Duniya tana juyawa, sama na tafiya digiri 15 a kowace awa, kuma gwargwadon yadda ka jawo abu kusa, gwargwadon yadda tafiyar ke bayyana. Babban madubi a kan ƙafar da ba ta bin taurari ba zai ba ka komai ba sai zane-zanen haske. Kuɗin farko na tiraka ne, ƙaramar na'ura mai moto da ke juya kyamara daidai da tafiyar sama. Sky-Watcher Star Adventurer da iOptron SkyGuider Pro su ne sanannu. Akwai kuma ƙananan na'urori irin Seestar S50 na kamfanin ZWO, masu nemo abu su ɗauka su haɗa da kansu ta waya. Suna aiki, ban raina su ba, amma wanda ya fara da su ba zai san abin da ke faruwa a ciki ba, ranar da hoto ya lalace kuma ba zai san ina zai taɓa ba.

In babu tiraka ma ana farawa. Zan faɗi yadda ake yi ta hanyoyin biyu.

Zaɓen dare da wuri

Farin wata shi ne babban mai ɓata aiki, kuma a nan mu da muke lissafi da watan Musulunci mun huta. Daga wajen 25 ga wata zuwa 4 ko 5 ga sabo, yawancin dare duhu ne. Daga 10 zuwa 18 kuwa ka bar kaya a jaka.

Sai yanayi. Littattafan Turawa za su ce Disamba da Janairu ne lokacin Orion, gaskiya ne kuma, don a tsakiyar Disamba yana kaiwa ƙololuwa da tsakar dare. Amma mu lokacin ne hazo ke sauka. Daren da hazo ya yi kauri, kana iya ganin manyan taurari da ido ka ɗauka sama a buɗe take, kyamara kuwa ta dawo maka da hoto ruwan ƙasa. Mafi kyan lokaci shi ne ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, damina ta ɗauke, ruwa ya wanke iska, ƙura ba ta taso ba tukuna. Kuɗin da za ka biya shi ne barci, don a farkon Nuwamba Orion ba ya kaiwa sama sosai sai wajen ƙarfe uku na dare. A cikin hunturu ma akan samu kwanakin da hazo ke yin sauƙi. Ka duba faɗuwar rana: in ta faɗi da ƙarfinta har ba ka iya kallonta, daren zai yi kyau, in ta zama farar ƙwallo ta ɓace tun ba ta kai ƙasa ba, ka kwanta abinka. Sanyin hunturu yana da amfani ɗaya, yashin da zafin sensa, wato farantin da ke kama haske a cikin kyamara, ke jawowa yana raguwa kusan rabi duk lokacin da zafi ya sauka da kamar digiri 6, shi ya sa hoton daren Janairu ya fi na Afrilu tsabta.

Wuri kuma, ka nisanci fitilun gari. Akwai ma'aunin duhun sama da John Bortle ya fitar a 2001, daga 1 zuwa 9. Tsakiyar babban birni 8 ko 9 ne, ƙauye mai nisa 3 ko ƙasa. Awa ɗaya a ƙauye ta fi dare guda a birni. Amma kada son duhu ya kai ka dajin da ba ka sani ba. Gidan 'yan uwa a ƙauye, saman soro ko filin makaranta ya isa. Ka sanar da mai unguwa da 'yan sintiri tun da rana, don mutum a tsaye ƙarfe biyu na dare da wani ƙarfe mai ƙafa uku da jar fitila abin tambaya ne, kuma ka tafi da abokin zama. A cikin gari, daren da aka ɗauke wuta sama takan ɗan yi duhu, ko da yake fitilun sola na kan titi sun rage wannan garaɓasar.

Gano Orion ba wuya. Ka fuskanci gabas, za ka ga taurari uku a jere, tazararsu ɗaya. A wajenmu idan suna fitowa a tsaye suke, ɗaya bisa ɗaya. Hagu da su akwai wani ja-ja, Betelgeuse, dama kuma wani fari mai ƙyalli, Rigel. Daga ukun nan ka ɗan karkata dama, akwai wasu ƙananan ukun da ba su kai su haske ba; na tsakiyarsu in ka lura dishi-dishi yake. Shi ne M42. Manhajar Stellarium, kyauta ce a kwamfuta, za ta nuna maka inda yake a kowace awa.

Kafa kaya

In kana da tiraka, dole bakinta ya kalli tauraron arewa, Polaris, don a kusa da shi sama ke juyawa. Tsayinsa daga ƙasa daidai yake da latitud ɗin garinku: Kano digiri 12, Sakkwato 13, Damagaram kusan 14, Agadas 17, Abuja 9. Miƙa hannunka ka dunƙule, faɗin dunƙulen kamar digiri 10 ne. Ka ga ke nan tauraron yana can ƙasa-ƙasa, inda katanga, bishiyar darbejiya da hazo ke tare shi. Wannan matsalarmu ce da na Turai ba su da ita, don haka ka zaɓi wurin da arewa ke buɗe tun da sauran haske.

Daidaita sitan ya zauna sosai, ɗora tiraka, saita kusurwarta a kan latitud ɗinku, sannan ka leƙa ƙaramin madubin da ke cikinta. Polaris ba a tsakiyar juyawar yake cif ba, ya kauce da ƙasa da digiri ɗaya, shi ya sa akwai da'ira a cikin madubin. Manhajar tirakar a waya za ta nuna maka inda za ka ajiye shi a kan da'irar a wannan lokacin. Ka yi wannan bayan ka ɗora kyamara, ko ka sake dubawa bayan ka ɗora, don nauyinta yana gusar da saiti. In tauraron ya ƙi ganuwa sam, yi amfani da kamfas ɗin waya, ka riƙe ta nesa da ƙarfe, ka nufi arewa, sannan ka rage tsawon kowane hoto zuwa daƙiƙa 20 ko 30.

Lensi kuma ka ɗaura shi tun a ɗaki. Buɗe cikin kyamara a waje lokacin ƙura neman magana ne.

Fokas da saiti

Mayar da lensi kan MF, wato fokas da hannu, kashe mai hana girgiza, IS a Canon, VR a Nikon. Kada ka yarda da alamar ∞ da ke jikin lensi. Nufi tauraro mai haske, Rigel ko Sirius, wato Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi, wanda ke biye da Orion daga gabas. Kunna kallon allo, ƙara girma sau 10, ka riƙa murɗa zoben a hankali. Tauraron zai zama ƙwallo, ya ƙanƙance, ya sake kumbura. Komo inda ya fi ƙanƙanta, inda wasu ƙananan taurari ke ɓullowa a gefensa, ka manne zoben da salatif. Akwai wani murfi mai tsage-tsage da ɗan Rasha Pavel Bahtinov ya ƙirƙiro a 2005: in ka ɗora shi, tauraro yana fitar da layuka uku, idan na tsakiya ya zauna daidai tsakanin biyun, fokas ya yi. Kada dai ka manta ka cire shi. Bayan awa guda ka sake duba fokas, sanyi yana motsa shi. Duk wani aibi ana iya rage shi a kwamfuta, ban da fokas da ya kauce.

Saiti: M, RAW, ISO 800 ko 1600. Kashe rage yashi na dogon ɗauka da ke cikin menu, don yana cinye rabin lokacinka. Kada ka bar lensi a buɗe gaba ɗaya, taurarin gefe za su yi fukafukai, f/1.8 ka mayar da shi f/2.8, shi 135mm ɗin ma f/2.8 ya yi.

Mai tiraka: daƙiƙa 60 kowane hoto, ka tara 60 zuwa 120. Ɗauki na gwaji ka ƙara girmansa, in taurari sun yi tsawo ka rage lokaci ko ka gyara saitin arewa. Duba jadawalin haske na hoton, wato histogram, tudun da ke cikinsa ya rabu da bangon hagu, ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku. In ya wuce rabi, hasken gari ya yi yawa, rage daƙiƙu. Tsakiyar M42, inda taurari huɗu da ake kira Trapezium suke, tana da haske ƙwarai, za ta ƙone ta zama fari fat. Don haka ka ƙara wasu hotuna 30 na daƙiƙa 5, za mu yi amfani da su a ƙarshe. Bayan kowane hoto goma ko sha biyar, ka ɗan gusar da kyamarar kaɗan, don kada yashin sensa ya riƙa faɗawa wuri ɗaya ya zama zane.

Marar tiraka: tsohuwar ƙa'ida ita ce a raba 500 da tsawon lensi, a kyamarori masu ƙaramar sensa kuma a fara ninka tsawon da 1.6 a Canon ko 1.5 a Nikon. Da 50mm za ta ba ka daƙiƙa 6. A aikace ta yi yawa, musamman ga Orion da ke layin tsakiyar sama inda tafiya ta fi sauri. 3 ko 4 ya fi. Da 135mm daƙiƙa ɗaya ce zuwa ɗaya da rabi. Ɗaga ISO zuwa 3200, buɗe lensi iyakar yadda za ka iya jurewa, ka ɗauki hoto 300 zuwa 500, duk minti biyar kana mayar da gajimaren tsakiya. Aiki ne mai gajiyarwa, amma yana fitowa.

Hotunan gyara

Kada ka naɗe kaya tukuna. Akwai hotuna iri uku da babu tauraro ko ɗaya a cikinsu, su ke raba hoton kirki da na wasa.

Na farko, na duhu. Rufe lensi da murfinsa, toshe ramin leƙawa na baya, bar saiti yadda yake, ka ɗauki 20 zuwa 30 nan take kafin kyamara ta huce. Suna kama ɗigon da zafin sensa ke haifarwa.

Na biyu, na fari, su ne mafi muhimmanci a ƙasar ƙura. Kada ka taɓa fokas, kada ka canza f, kada ka cire lensi. Shimfiɗa farar singileti mai tsabta a bakin lensi ba tare da tattara ba, ka ɗaure da roba, ka kara farin allon waya ko na kwamfuta, ko ka nufi sama bayan asuba kafin rana ta fito. Sa kyamara a Av, ko A a Nikon, tudun jadawali ya zo tsakiya, ka ɗauki 20 zuwa 30. Waɗannan ke goge duhun kusurwoyi da zobban da ƙurar kan sensa ke bari.

Na uku, lensi a rufe, shota a iyakar saurinta, kamar 1/4000, guda 30 zuwa 50. Minti biyu sun ishe su.

A kwamfuta

Sauke Siril, kyauta ce, tana aiki a Windows, Mac da Linux. DeepSkyStacker ma kyauta ce kuma ta fi sauƙin farawa, amma Siril za ta kai ka har ƙarshe. Buɗe folda ɗaya, a cikinta ka yi huɗu da waɗannan sunaye cif, da ƙananan baƙaƙe: lights don hotunan sama, darks don na duhu, flats don na fari, biases don na ukun. Kafin ka zuba, bi hotunan sama ɗaya bayan ɗaya ka zubar da wanda iska ta girgiza ko girgije ya ratsa. Na layin tauraron ɗan'adam ko jirgin sama ka bar su, manhajar tana share duk abin da ya bayyana a hoto ɗaya kawai.

Duba sararin kwamfutarka. Hoton RAW mai 25MB, in na megafiksel 24 ne, yana iya komawa kusan 290MB a lokacin aiki. Hoto 300 sun haura 80GB a mataki ɗaya kawai. Ka tabbatar kuma akwai caji, don aikin na iya shan awa.

Nuna wa Siril babbar foldar, shiga Scripts, zaɓi OSC_Preprocessing. Za ta cire na duhu, ta gyara da na fari, ta jera taurari kan juna, ta haɗa. Fayil ɗin da zai fito sunansa yana farawa da result. Ka buɗe za ka ga kusan baƙi ƙirin da 'yan ɗige. Kada gabanka ya faɗi, hasken yana ciki a dunƙule. A ƙasan allo canza Linear zuwa AutoStretch don ka ga abin da ka samu. Wannan kallo ne kawai, bai taɓa hoton ba.

Daga nan bi da bi. Yanke gefuna, inda hotuna ba su hau juna daidai ba. Sai Background Extraction, mai cire hasken gari da ke sa gefe ɗaya ya fi ɗaya haske. Za ta watsa ƙananan murabba'ai a kan hoton; goge duk wanda ya hau kan gajimaren, in ba haka ba za ta ɗauke shi a matsayin datti ta rage shi. In hazo ya sa abin ya ƙi, manhajar GraXpert ta fi iya wannan. Sai Photometric Color Calibration: rubuta M42, sa tsawon lensi da girman ɗigon sensa, maikiromita 4.3 ne a 600D, za ta gwada taurarinka da kundin taurari ta intanet ta gyara launi. Sannan Remove Green Noise, don sensa tana da ɗigon kore ninki biyu na ja ko shuɗi, shi ya sa hoto kan yi kore-kore.

Miƙe haske

Nan ne hannun mutum ke nunawa. Koma Linear, buɗe Asinh Transformation ka ɗan ja, yana fito da haske ba tare da kashe launin taurari ba. Sai Histogram Transformation: ja maɓallin tsakiya zuwa hagu kaɗan, tabbatar, sake ja kaɗan. Sau huɗu ko biyar a hankali ya fi ja ɗaya mai ƙarfi. Maɓallin hagu kuwa kada ya shiga cikin tudun. Masu koyo suna son sama ta yi baƙi wuluk don yashi ya ɓuya, amma siraran ƙurar da ke kewaye da gajimaren, wadda ka hana kanka barci dominta, tana tafiya tare da shi. Bar bayan hoton ya zama toka mai duhu.

Launi ma a ƙara shi da sauƙi. Kyamarar da ba a taɓa ba tana da tacin da ke tare mafi yawan jan hasken haidurojin, mai tsawon nanomita 656, don haka M42 zai fito ruwan hoda da shuɗi-shuɗi, ba ja jawur ba. Haka yake, kada ka matsa masa. In taurari sun cika hoton sun danne gajimaren, StarNet tana raba su, ka gyara gajimaren shi kaɗai, ka mayar da taurarin a rage.

Saura tsakiyar da ta ƙone. Haɗa hotunan nan na daƙiƙa 5 daban ta hanyar da ta gabata, miƙe su kaɗan har taurarin tsakiya su fito, ajiye duka biyun a TIFF mai bit 16. A GIMP ɗora gajeren a kan dogon, daidaita taurari, sa masa baƙin mayafi na Layer Mask, ka shafa fari da burushi mai laushi a daidai wurin da ya ƙone kawai. Rage ƙarfin shafin har sai an kasa gane inda aka haɗa.

Ajiye fayil ɗin result da duk RAW ɗinka. In ka sake fita wani daren, sai ka haɗa da na yau lokacin ya ƙaru. Wanda za ka tura wa mutane ka fitar da shi a JPEG, a WhatsApp kuma ka aika shi a matsayin fayil, in ba haka ba matsewar da ake yi masa za ta mayar da duhun hoton faci-faci.

Da wannan saitin za ka iya juyawa kan Kaza da 'Ya'yanta, M45, wadda shuɗin hayaƙin da ke kewaye da ita ke buƙatar sama mai duhu da aƙalla awa biyu, ko galaksin Andromeda, M31, wani ƙaton taron taurari mai nisan tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5, wanda ke sama da daddare a Oktoba da Nuwamba. Akwai kuma biyu da mutanen arewacin Turai ba sa gani sam: gajimaren Carina, da ke leƙowa digiri 18 a kudu daga Kano a wajen Maris, da dunƙulen taurari na Omega Centauri, da ke kaiwa digiri 30 a Afrilu da Mayu. Su biyun sai wurin da kudu ke buɗe, babu gari a gabanka, kuma ka fara ɗauka kamar awa ɗaya kafin su kai ƙololuwarsu.